Wuyan Ruwa

Wuta ta ɗauke a Bilbis tun la'asar.
Na rufe littafi, na ce wa ƴan ajin yamma:
kowa ya tsoma yatsa a moɗa.
Babba da manuni, ku haɗa su,
ku buɗe sannu,
kamar mai barbaɗa gishirin aro.

Ga ta nan, gada.
Ba ƙarfe, ba siminti,
tsawonta bai kai ƙwayar dawa ba.
Ruwa ne ya kama nan, ya kama can,
ya tsaya a iska da fatarsa kaɗai.
Fatar ruwa marowaciya ce,
ba ta rufe fili fiye da na dole.

Ƙara buɗewa. Ta yi ƙugu irin na kalangu.
Ƙara kuma. Ƙugu ya koma wuya.
Inda wuya ya fi siriri
nan fata ta fi shaƙewa,
ruwan wurin ya gudu sama da ƙasa,
gudun ya ƙara masa rama,
ramar ta ƙara shaƙa,
shaƙar ta ƙara kora.
Daga nan abin ya bar hannunka.
Ko ka tsaya cak, ko ka yi da-na-sani,
wuya ya riga ya kama hanya.

Nomau ya ce: Mushe, a tsakiya take tsinkewa?
Na ce ban sani ba, ido bai taɓa riskar ta ba.
Bibata ta ɗauka da wayar yayanta,
ta sa hoton ya yi tafiyar hawainiya.
Kai goma sha ɗaya a kan gilashi ɗaya fasasshe.
Ashe ba a tsakiya ba.
Zaren ya saki ta gefen ƙasa,
ya waiwaya, ya saki ta sama,
abin da ya rage ya dunƙule,
ɗan ɗigo, bai kai idon allura ba,
ba na wannan yatsa, ba na wancan.

Bibata ta ce: shi kuma ina za shi?
Na ce lokaci ya yi, ku tashi.

Da dare Inna ta zuba mini miyar kuɓewa.
Ta ɗaga ludayi har kafaɗa,
yauƙi ya bi ta, ya ƙi saki.
Akwai zarurruka a ciki da ba a gani,
in an ja su sai su miƙe, su turje.
A hasken cocila na ga ƙananan ɗigo
sun jeru a kansa kamar tazbaha,
har sai da ta murɗa hannu ta yanke.

Ina shekara bakwai Baba ya hau mota a tashar Tawa,
Abijan, damina ɗaya in ji shi.
Da farko kaset ke zuwa, da muryarsa da tarinsa,
mu zagaye rediyo kamar tuwo.
Sai kuɗi babu kaset.
Sai gaisuwa a bakin Arzika direba.
Sai Arzika ya riƙa duban taya in ya gan mu.
Ba wanda zai nuna ranar ya ce: yau ce.
Na auna, na sake aunawa.
Wuya ya riga ya kama hanya
tun muna cewa gada ce.

Inna irin kuɓewa ce.
Shekara ashirin da shida,
butarsa tana nan inda ya bar ta,
ranar Juma'a takan canza mata ruwa.

Ni na san wane ne ni a hoton Bibata.

Da safe na tarar da Nomau a bakin randa,
ya makara, alli a aljihu,
yana haɗa yatsu yana buɗewa,
yana haɗawa, yana buɗewa,
fuska a murtuke,
wai sai ya kama ta a daidai lokacin.
Na tsaya bayansa, ban ce komi ba.
Ƙararrawa ta buga sau biyu.